Arya, Khaleesi ko Arwen: wanne ne zai zauna a bakin Bahaushe in an raɗa wa yarinya?

Ƙanwata ce ke da tsohon ciki, an yi sikanin an ce mace ce in Allah ya yarda, kuma tun watan jiya ita da mijinta suke ta ja-in-ja a kan suna. Ba rigima ba ce ta tashin hankali, irin musun nan ne na mata da miji da ake yi ana cin tuwon dare, amma dai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ita tana son Arya, shi kuma ya kafe a kan Khaleesi, dukansu sun kalli Game of Thrones, fim ɗin nan mai dogon zango na Amurka da suka tsinto sunayen biyu a ciki, tun suna jami'a kuma har yau abin bai sake su ba. Da suka sako ni a maganar sai na ƙara musu na uku wato Arwen, na ce in dai har daga labaran almara na Turawa za a ɗauko sunan toh gara a baza duka a faifai a duba. Ni abin ya dame ni da gaske dan yarinyar nan 'yata ce, ita ce za ta ɗauki sunan nan a ka daga ranar suna har ranar da za a kira shi a kan makara, mu da muke zaɓa ba mu za mu amsa shi ba.

Bari in fara da Khaleesi dan shi ne ya fi ruɗar mutanenmu. Mijin ƙanwata da farko rantsuwa yake sunan Larabci ne, wai ai ga "kha" nan a farko irin na Khadija da Khalid. Kuma ba shi kaɗai ba, na ji mutane da dama suna zaton haka. Toh ba Larabci ba ne, ba kuma yaren wasu mutane ba ne da suka taɓa rayuwa a bayan ƙasa. Marubucin nan ɗan Amurka George R. R. Martin shi ya ƙirƙiro kalmar a littafinsa A Game of Thrones da ya fito a 1996, a matsayin kalma ta yaren wasu mahaya dawakai da ya kira Dothraki. Sarkin yaƙinsu ana ce masa khal, matarsa kuma khaleesi. Kenan ba ma suna ba ne, sarauta ce, ita yarinyar da ake kira da shi a labarin sunanta na yanka Daenerys Targaryen. Martin kalmomi 'yan kaɗan ya zuba a littattafan, sai da tashar HBO ta zo yin fim ɗin sannan aka ɗauko wani masanin harsuna David J. Peterson ya gina yaren gaba ɗaya da nahawunsa, kuma shi kansa Peterson ya sha faɗin cewa yadda ake furta kalmar a fim ɗin ba haka ya kamata ta fita ba bisa ƙa'idar yaren.

Kasancewarsa sarauta ba laifi ba ne a wajena, ai mu ma muna da Amira da Malika da Sultana, ga Gimbiya ga Sarauniya ga Magajiya ana kiran yara da su ba wanda ya ɗaga gira. Amma akwai bambanci kuma na zaunar da mijin nata na nuna masa. Ita khaleesi a cikin labarin darajarta a jikin mijinta take rataye, ya fi kama da yadda ake ce wa matar sarki Fulani a gidan sarautar Kano. Ranar da khal ya mutu shikenan, al'adarsu ita ce a kwashi matar a kai ta birninsu Vaes Dothrak ta zauna cikin zawarawan sarakunan da suka shuɗe har ƙarshen ranta. Ita Daenerys ɗin ma yadda aka yi ta zama khaleesi, yayanta ne ya aurar da ita ga Khal Drogo dan ya samu rundunar da zai ƙwato sarautar gidansu, ba da son ranta ba, tana yarinya ƙarama. Toh ka ga in ka ce ma'anar sunan "sarauniya" ka faɗi rabi ka bar rabi.

Sai kuma babbar matsalar, wacce ta faru a idon duniya. Fim ɗin ya fara a 2011, shekara da shekaru ana nuna Daenerys a matsayin mai 'yanta bayi, mai tausayin raunana, ga dodanninta guda uku masu fukafukai da aman wuta, iyaye a Amurka suka yi ta saka wa 'ya'yansu sunan. Alƙaluman hukumar da ke tattara sunayen jarirai a can sun nuna yara mata 146 aka saka wa Khaleesi a 2012, zuwa 2018 sun kai 560 a shekara ɗaya. Kwatsam a watan Mayun 2019, saura kashi ɗaya a gama fim ɗin, sai aka nuna ta ta hau dodonta ta ƙona birnin King's Landing bayan mutanen birnin sun riga sun miƙa wuya, mata da yara da tsofaffi duk ta babbake su, a kashi na ƙarshe kuma masoyinta Jon Snow ya soke ta da wuƙa. Yaran da aka raɗa wa sunan a lokacin wasu suna firamare. Ba abin da suka yi, kawai dai wasu marubuta a wani ɗaki sun juya alƙalami, ma'anar sunansu ta juya tare da shi. Kuma har yanzu da nake wannan rubutun littattafan ma ba su ƙare ba, biyar ne suka fito cikin bakwai da Martin ya yi alkawari, na biyar ɗin tun 2011, wato mutumin da ke riƙe da ma'anar sunan bai ajiye alƙalami ba tukuna. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya min a rai game da Khaleesi, ba shi da wani gida da zai koma in labarin ya ɓaci, labarin shi ne uwarsa shi ne ubansa.

A bakin Bahaushe kuma "kha" ba ta zama, kowa ya sani, Khadija ta koma Hadiza, Khalid ya koma Halidu, Khamis ya koma Hamisu. Na gwada faɗa wa Hajiyarmu sunan a waya, ta ce "Kalisi?" ta ɗan yi shiru ta sake cewa "Kilishi?" kuma ba wasa take ba, abin da kunnenta ya kama kenan. In tsohuwa mai son jikarta ta ji haka toh yaran makaranta fa. Ga kuma rubutu, mai cike fom ɗaya zai rubuta Khalisi, wani Kalisi, wani Khalessi, kuma duk wanda ya taɓa yin zarya dan harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da asusun banki ya san wannan ba ƙaramar wahala ba ce da za a gadar wa yarinya.

Arya labarinsa daban ne gaba ɗaya, kuma gaskiya da na bi asalinsa sai da na ji na ƙara girmama zaɓin ƙanwata. Martin bai ƙirƙiri wannan ba, ya tarar da shi a duniya ne. Kalma ce ta tsohon yaren Indiya wato Sanskrit, ma'anarta mai daraja, ɗan asali, mutumin kirki, kuma akwai 'yar'uwarta a tsohon yaren Farisa. Sunan ƙasar Iran ma daga wannan tushen ya fito, ƙasar Ariyawa kenan. Sarki Dariyus na Farisa wanda ya yi mulki wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa ya sa an sassaƙa a dutse a Naqsh-e Rostam cewa shi Ariya ne daga tsatson Ariya. A Indiya akwai masanin lissafi da taurari Aryabhata da aka haifa a shekara ta 476, wanda da sunansa Indiya ta kira tauraron ɗan'adam ɗinta na farko a 1975. Har yau ana saka sunan, a Iran galibi maza ake saka wa, a Indiya maza da mata, a Indonesiya ma akwai maza masu shi. Kenan ko da fim ɗin ya ɓace daga duniya gobe, Arya yana da shekaru dubbai da zai jingina da su, yarinya za ta iya cewa sunana yana nufin mai daraja kuma ta faɗi gaskiya.

Amma shi ma yana ɗauke da kaya, ba zan ɓoye ba. Kalmar tana da zurfi a addinan Hindu da Buddha, akwai ma ƙungiyar gyaran addinin Hindu mai suna Arya Samaj da aka kafa a 1875. Sannan Turawa sun ɗauki kalmar a ƙarni na 19 suka murɗe ta, har 'yan Nazi na Hitler suka mai da "Aryan" taken wariyar jinsi da suka kashe miliyoyin mutane a kansa. Wannan ba laifin kalmar ba ne kuma a Kano ko Zinder ba wanda zai kawo shi a ransa, amma in yarinya ta girma ta je karatu Jamus wata rana gara ta san da shi.

Ita kuma Arya Stark ta labarin, na gane dalilin da ya sa ƙanwata ke sonta. Ƙaramar yarinya ce da aka sare kan mahaifinta tana cikin taron, ta rasa gida ta rasa kowa, ta yi shigar maza ta yi ta gararamba da ɗan siririn takobinta da take kira Allura, ba ta taɓa sarewa ba, a ƙarshe a fim ɗin ita ta kashe Night King, jagoran rundunar matattu da ke neman shafe mutane, ta ceci mutane. Ƙanwata ta taso ita kaɗai mace a tsakiyar maza, ita ke hawa bishiyar mangwaro ta riga mu, dan haka na san abin da take gani a jikin wannan yarinyar. Iyaye a Amurka ma sun gani, 2,545 aka saka wa Arya a 2018 kaɗai, ya ninka Khaleesi sau huɗu da wani abu. Sai dai in za a faɗa a faɗa duka, Arya ɗin nan kullum dare kafin ta yi barci sai ta jero sunayen mutanen da za ta kashe kamar mai lazimi, ta je ta yi wa masu bautar wani abin bauta na mutuwa hidima ta koyi kisa, kuma a fim ɗin ta yanka 'ya'yan wani tsoho ta dafa ta ba shi ya ci kafin ta yanka shi. Ramuwar gayya ce aka gina ta a kai. Na ce da ƙanwata ki tuna yarinyar nan wata rana tana shekara sha biyu za ta rubuta sunanta a Google, abin da zai fito mata kenan, kuma fim ɗin kansa ke kin san ba na yara ba ne, akwai tsiraici da zubar da jini da ke kanki kike wucewa da sauri.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ke tafe. Matsalar Arya ta gaske a Hausa take. Ku furta shi da ƙarfi. Harafi ɗaya ne tsakaninsa da ƙarya, kuma ƙarya a Hausa kowa ya san ba abin da ake so a jingina wa mutum ba ne, ga kuma karya macen kare wacce zagi ce mai nauyi in aka jefi mace da ita. Yadda muke rubutu a waya ba ƙugiya ma duk "karya" ne. Ranar da na je gidansu na ce mata tashi ki tsaya a bakin ƙofa ki ƙwala kiran sunan sau uku kamar yarinyar tana wasa a waje magariba ta yi. Ta tashi da ƙyar da cikinta ta dafa ƙyaure ta ce "Arya! Arya! Ke Arya!" sai na ga fuskarta ta canza tun kafin ta juyo, dan "ke Arya" in aka faɗa da sauri ita kanta ta ji abin da ya fito. Ta dawo ta zauna ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba, na ji ba daɗi dan na san tana son sunan har zuciya. Amma gara ta ji shi yanzu daga bakinta da ta ji shi daga bakin 'yan ajin yarinyar suna tafi suna waƙa da shi a filin makaranta. Yaranmu ba sa barin irin wannan ya wuce.

Kawunmu da ya yi karatu a Sudan ya ƙara wani da ban sani ba. Ya ce a kunnen Balarabe akwai kalmar "ariya" da harafin ainun, wacce a fiƙihu take nufin kayan aro, kuma da wannan lafazin ake cewa mace marar tufafi. Ba asalinsu ɗaya da Arya ba ko kusa, amma in aka ja sunan aka ce Ariya kamar yadda bakinmu zai ja shi, toh malamin Islamiyya zai ɗago kai. Kenan suna ne mai kyakkyawar ma'ana a Tehran da Mumbai da Landan, amma a yaruka biyun da yarinyar nan za ta rayu a cikinsu, na gida da na makarantar allo, duka biyun yana karo da kalma mara daɗi.

Arwen shi ne wanda ba su yi tunaninsa ba. Daga The Lord of the Rings yake, na J. R. R. Tolkien, wanda ya fito a 1954 da 1955. Shi ma ƙirƙirarre ne kamar Khaleesi amma yadda aka ƙirƙire shi daban. Tolkien farfesan harsuna ne a Oxford, an haife shi a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892, kuma shi yarukan ya fara ginawa tun yana matashi sannan ya zo ya rubuta labaran dan yarukan su samu masu magana da su, haka ya faɗa da kansa. Dan haka sunan yana fasuwa gida biyu tsaf a yaren da ya kira Sindarin, "ar" mai daraja ko na sarauta, "wen" budurwa, wato budurwa mai daraja. Abin mamaki kusan ma'anarsa ɗaya da Arya duk da ba hanya ɗaya suka biyo ba. Sautin Sindarin kuma ya ɗora shi a kan yaren Welsh na mutanen Wales a Birtaniya, shi ya sa sunan ya yi kama da sunayensu na gaske irin su Arwyn da Bronwen, har hukumar yanayi ta Birtaniya ta saka wa wata guguwa da ta yi ɓarna a Nuwamban 2021 suna Arwen.

A labarin ita 'yar Elrond ce, daga wasu halittu da ake kira Elf masu kama da mutane amma ba sa tsufa ba sa mutuwa sai in an kashe su, ana mata laƙabi da tauraruwar maraice saboda kyau. Ta haura shekara 2,700 a duniya lokacin da ta auri Aragorn wanda mutum ne mai mutuwa, kuma sharaɗin auren shi ne ta bar dawwama ta karɓi mutuwa, ta rabu da mahaifinta rabuwar da ba haɗuwa, ta yarda. Bayan mijin ya rasu ta koma dajin Lothlórien ita kaɗai ta kwanta ta mutu. A littafin ba ta cika fitowa ba, yawancin labarinta a rataye yake a ƙarshen littafi, finafinan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003 ne suka faɗaɗa ta, inda Liv Tyler ta fito a matsayinta. Ba kisa a hannunta, ba abin kunya, haƙuri ne da riƙon alkawari. Kuma abin da ya fi min muhimmanci, Tolkien ya rasu tun 1973, labarin ya rufe, ba wanda zai tashi gobe ya sa ta ƙona gari.

A baki ma ya fi sauran zama. Yanzu kunnenmu ya saba da sunayen mata masu ƙarewa da "n", ga Hanan ga Afnan ga Iman, dan haka Arwen ba zai yi baƙunta sosai ba, iyaka tsofaffi su ce Arwan ko Arwin, kuma ban samu wata mummunar kalmar Hausa da yake karo da ita ba duk juyin da na yi masa. Rauninsa a wani wajen yake. Ranar da kakar yarinya ta tambaya sunan wace ce wannan, me za a ce mata? Duk yadda ka kewaya bayanin Elf, a Hausa "aljana" za ta ji, kuma ba kakar da za ta yarda a yanka rago a kan sunan aljana. Sannan ba shi da takwara, ba wata goggo ko inna ko matar Annabi ko sahabiya da za a ce an yi wa, kuma mu a wajenmu suna ba ado ba ne kawai, igiya ce da ke ɗaure yaro da wasu mutane.

Nan ne maganar kawu ta yi min amfani. Na ɗauka zai ce duk haramun ne a tashi, sai ya ce a'a, ba dole ne suna ya zama na Larabci ba, Ibrahim da Isma'il da Maryam ma asalinsu ba Larabci ba ne, abin da ake dubawa kar ma'anar ta zama mummuna ko ta bautar wanin Allah. Ya kawo yadda Manzon Allah (SAW) ya canza wa wata mai suna Asiya da harafin sadi, wato mai saɓo, ya mai da ita Jamila, ya kuma canza Barra zuwa Zainab. Ya ce ku lura wannan Asiyar ba ita ce Asiya matar Fir'auna ba da muke saka wa 'ya'yanmu, a bakin Bahaushe ɗaya suke fita amma a ma'ana sun yi hannun riga, dan haka sauti da ma'ana duka ana dubawa. Sai ya tambaye su tambayar da ta fi duk binciken da na yi, ya ce wai ku sunan yanka kuke nema ko sunan kira?

Dan mu ai Allah ya hore mana abin da iyayen Amurka ba su da shi. Su galibi sunan da ke takarda shi ke bin yaro ko'ina. Mu kuwa akwai wanda liman zai raɗa ranar bakwai a yanka rago a raba goro da dabino, akwai kuma wanda za a riƙa kira a gida, musamman in an yi wa uwa ko uwar miji takwara ana alkunya. Rabin Ummi da Mami da Walida da Amira da ka sani ba shi ne a takardarsu ba. Da can ma haka ne, Talatu da Jummai da Asabe da Azumi da Delu duk akwai wani sunan a ƙarƙashinsu. Kuma sunan kira in ya ɓaci ana iya sauke shi, yarinya ta shiga sakandare ta ce a daina, shikenan an daina, ba kotu ba rantsuwa ba sanarwa a jarida.

In aka bi ta nan sai lissafin ya canza, kuma abin mamaki Khaleesi da ya fi sauran matsala a wajena shi ya fi samun mafita. Akwai Khalisa, sunan Larabci na gaske, tsarkakakkiya wacce ba gauraye, tushensa ɗaya da ikhlasi, kalmar ma tana cikin Alƙur'ani a suratu Sad da suratul A'araf. Tsofaffi za su ce Halisa ba tare da wahala ba, liman ba zai tambayi komai ba, uban kuma in ya ga dama ya kira ta Khaleesi a falo har ya gaji, ranar da ta girma ta ga abin da Daenerys ta yi ta ce ba ta so, sunanta na nan ba abin da ya taɓa shi. Arwen shi ma yana da maƙwabciya wato Arwa, sunan goggon Manzon Allah (SAW) Arwa 'yar Abdulmuɗɗalib, kuma sunan mahaifiyar Sayyidina Usman ɗan Affan, ga kuma Sarauniya Arwa ta Yaman da ta yi mulki shekaru masu yawa daga garin Jibla ta rasu a 1138, masallacinta na nan har yau. In jaruma mai mulki ake nema toh ga ta gaske wacce ba a rataye take a jikin alƙalamin kowa ba. Sai dai a sani a Hausa akwai kalmar arwa mai nufin duba, har yanzu ana yin bikin arwa na Azna a Massalata kusa da Birnin Ƙonni a Nijar, dan haka wanda danginsa na wannan yankin ne ya fara gwada sunan a kunnen tsofaffinsa, a Kano kam yawancin matasa ba su ma san kalmar ba.

Arya ne kawai ban samar wa mafita ba kuma shi na fi so in samar wa. A matsayin sunan kira ma matsalar na nan dan a baki take ba a takarda ba, kiran ne ma ke fito da ita. Wanda ke zaune a Ingila ko Kanada kuma ya san a can yarinyar za ta tashi, toh shi kam Arya ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba, ga asali ga ma'ana ga sauƙin rubutu, iyaka ya shirya wa ranar da za a zo hutu gida. Amma ƙanwata a unguwa take cikin Hausawa, makarantar da yarinyar za ta shiga ga ta can a bayan layinsu, ni ban ba ta shawarar ta saka ba, kuma na faɗa mata haka ido da ido duk da na san ba abin da take son ji ba kenan.

In da za a tilasta min in ɗauki ɗaya cikin ukun tsurarsa a rubuta a takardar haihuwa a nan gida, Arwen zan ɗauka, sai Arya, Khaleesi na ƙarshe. In kuma da sunan yanka daban za a haɗa, Khalisa na fi nutsuwa da shi. Mijin ya riga ya sauko kan Khalisa tun ranar da kawu ya yi magana, har ya fara gwada rubuta shi da Larabci a bayan wata takarda. Ita ƙanwata ba ta ce e ba ba ta ce a'a ba, jiya da daddare dai ta turo min saƙo tana tambaya wai Sarauniya Arwa ɗin nan shekara nawa ta yi tana mulki kuma da gaske ne an yi mata huɗuba da sunanta a masallatai, na ce mata e an yi, ta ce in turo mata duk abin da na sani a kanta kafin ranar awonta ta Alhamis.